Garkuwa, Kafintan da ke Tare wa Dattawa Iska

Kafin gari ya gama wayewa Garkuwa ya riga ya buɗe shagonsa na kafinta, ba don aiki ba, don ya fito da keke. Keken yana rataye a bango, tsakanin zarto da wata ƙofa da mai ita ya manta da ita shekara uku. Zai sauko da shi, ya matsa tayoyi da babban yatsa, ya ɗiga wa sarƙa mai, ya kaɗe garin katakon da ya kwanta a kan sirdi. Sannan ya cika gora biyu da ruwa, ɗaya tasa, ɗaya ta wanda zai manta da tasa, domin ba a taɓa fita ba a samu mai mantuwa ba. Matarsa ta daina tambayarsa ina za shi tun da daɗewa. Abin da take cewa kawai shi ne, "Baban yara, ka ɗaure hular kwanon nan da kyau, kan naka ɗaya ne."

Shekararsa sittin da takwas, ashirin daga ciki a kan titi da keke ya yi su. Sau uku a mako suke haɗuwa a bakin gada, dattawa takwas, ƙaraminsu ma ya ba sittin baya. In ka gan su a tsaye cikin matsattsun riguna, tumbi na neman hanyar fita, dole ka yi dariya, su ma dariyar junansu suke yi. Wanda ya ɗinka rigunan, Tela, shi ya fi kowa baki, kuma har yau bai yarda cewa awonsa ne ya gaza ba. Ya ce mutanen ne suke cin abinci bayan an auna su.

Wanda bai taɓa tseren keke a kan titi ba yana zaton ƙafa ce kaɗai ke aiki. Iska ce abokiyar gaba. Na gaba shi ke karo da ita, na bayansa kuwa, in ya matso da tayarsa dab da ta na gaban, sai ya ji kamar an sauke masa rabin kaya. Shi ya sa ake jerawa a layi ana karɓa-karɓa. In na gaba ya gaji ba ya magana, gwiwar hannu yake ɗan girgizawa, ya ja gefe, na biye da shi ya karɓa. Garkuwa ne ya koya wa kowa wannan a ƙungiyar, ya maimaita har suka haddace. Sai dai shi kansa ba a taɓa ganin ya yi ba. Zai shiga gaba ya kafe, dogo mai faɗin kafaɗa, ya ja layin har sai na baya sun ji kunya sun ƙwace da ƙarfi. Tela ya rantse gwiwar hannun nan ta yi tsatsa, a kai ta wurin mai walda. Daga wannan hali sunan Garkuwa ya samo asali.

Garkuwa, kai ne wanda in taya ta fashe wa mutum kake tsayawa tun bai kira ba, ka durƙusa a gefen titi kana faci kana yi masa tsiya. Kai ne ka hana a bar kowa a baya ranar horo, ka ce wanda ya ƙosa ya je ya yi tserensa shi kaɗai. An ga ranar da ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, kowa ya lafe a gida, kai ka je bakin gada ka tsaya rabin awa ko da wani zai zo. Shekara ashirin ba ka taɓa karɓar lambar yabo ba, amma uku daga cikin abokanka sun karɓa, kuma dukkansu sun san a bayan wa suka huta kafin su fito.

Labarin da ya sa aka zauna rubuta wannan jinjina ya fara ne da Malam, tsohon malamin lissafi da aka yi wa aikin zuciya. Bayan ya warke likita ya ce ya riƙa motsa jiki, 'ya'yansa kuwa suka saya masa kujera mai laushi suka ajiye shi a gaban talabijin. Soyayya ce, ba wanda zai musa, amma mutumin yana tsufa a kujerar nan ana gani. Wata safiya ya sulale da wani tsohon keke mai nauyin tsiya ya zo bakin gada. Kilomita uku ya yi, ya sauka ya zauna a bakin kwalbati yana haki. Garkuwa ya juyo ya zauna kusa da shi, ya miƙa masa ruwa, ya jira numfashinsa ya dawo.

"Malam, nawa ka yi yau?"

"Uku. Abin kunya."

"Jibi huɗu. Ai kai ka san abin da ke bin uku."

Haka suka yi wata goma. Ya koya masa numfashi a hawa, da sakin kafaɗa, da shan ruwa tun ƙishi bai zo ba, da daina taka birki duk lokacin da ya ga taya a gabansa. Ya canza masa tsawon sirdi sau biyar. Da tseren shekara na 'yan sama da sittin ya matso, Malam ya ce zai shiga, likita ma ya duba shi ya sa hannu. Babbar 'yar Malam ce, ma'aikaciyar jinya, ta ce ba ta san zancen ba. Ta zo har shago ta tsaya a ƙofa da kayan aiki a jikinta.

"Kawu, ni na kwana a gefen gadonsa, ba ku ba," in ji ta. "Na ji an ce akwai motar da ke bin baya tana kwashe waɗanda suka gaza. In motar nan ta ɗauko Baba, keken ya bar gidanmu ranar. Ba na son a zo ana ba ni haƙuri."

Garkuwa ya ajiye guduma ya ce, "Kin yi gaskiya, 'yata. Na yarda." Ya san ba wasa take yi ba, ya kuma san in keken ya tafi Malam ya koma kujera ke nan.

Tseren kilomita sittin ne, talatin zuwa, a juya, talatin dawowa, kuma duk wanda bai iso cikin awa uku ba mota ce rabonsa. Shi ne kuma tseren Garkuwa na ƙarshe, domin gwiwar ƙafarsa ta dama ta daɗe tana kai ƙara, likita ya ce ya isa haka. Abokai suka haɗa baki cewa bana shi ma sai ya taɓa lambar yabo ko sau ɗaya. Aka ɗora wa Tela rakiyar Malam, aka ce wa Garkuwa ya tafi gaba kada ya waiwayo.

Ya tafi kuwa. A wurin juyawa yana cikin biyar na farko, ƙafa na amsawa, zuciya fari ƙal. Da suka juyo sai suka fara cin karo da waɗanda ba su kai ba tukuna. Can ya hango Malam shi kaɗai, kai a sunkuye, babu kowa a gabansa. Bai yi nisa ba ya ga dalili: Tela a gefen titi, tsinkakkiyar sarƙa a hannu, yana faɗa wa keken maganganun da ba za a rubuta ba. Iskar dawowa kuwa a fuska take, kuma ta ƙara ƙarfi. Garkuwa bai tsaya dogon tunani ba. Ya taka birki, ya bar mutum huɗun suka wuce da lambarsu, ya sa ƙafa a ƙasa yana jira.

Da Malam ya juyo ya iso, ya zaro ido. "Kai kuma me kake yi a nan? Ka haukace ne?"

"Kama tayata ka rufe baki."

Kilomita ashirin ya ja shi, iska na dukan ƙirjinsa, yana waiwaye yana cewa a sha ruwa, a saki kafaɗa. Saura biyar gwiwar ƙafar ta ce ta gama. Ciwon ya harbo har ƙugu, gudu ya fara raguwa, motar kwashe mutane ta bayyana a baya tana tafe a hankali. Malam ya dubi agogo. Shekara talatin da biyar yana koyar da lissafi, ba ya bukatar takarda ya san cewa a wannan gudun ba za su kai ba. Hankalinsa ya tashi, ga shi yana ganin yadda Garkuwa ke cije leɓe.

Sai gwiwar hannun Garkuwa ta motsa. Malam ya zaci ƙuda yake kora. Ta sake motsawa, kuma Garkuwa ya ja gefe ya buɗe masa hanya. Malam bai taɓa jan layi a irin wannan iska ba, amma wata goma ana cusa masa yadda ake yi. Ya sunkuya, ya danna feda, ya shige gaba. Da ya zo daidai kafaɗar abokinsa ya ce, "Kama tayata ka rufe baki." Garkuwa ya fashe da dariya hawaye na zuba, shi kansa bai san na ciwo ne ko na daɗi ba.

Saura minti uku suka tsallake layi, Malam a gaba, Garkuwa manne da shi. Motar ta iso a bayansu da Tela a ciki, rabin jikinsa a waje ta taga, yana ihu, "Jama'a ku shaida, ta motsa! Da idona na gani!" 'Yar Malam ba ta yi dariya ba. Ta kama hannun mahaifinta ta dubi agogonta tana ƙirga bugun zuciya, fuska a ɗaure. Da ta gama ta ɗauki keken da kanta ta sa a bayan motarta, ta rufe, ta juyo.

"Kawu, ranar Asabar ƙarfe nawa ake haɗuwa? Ni zan riƙa kawo shi. Kuma kai ka zauna in duba ƙafar nan, ka tsaya kana murmushi kamar ba kai ba."

Garkuwa, mun gode. Mun gode da safiyoyin da ka ba mutanen da duniya ta ce su zauna su huta, da lambar da ka bari ta wuce ka ba ka bi ta da kallo ba. Mun fi gode maka da ranar da ka yarda ka gaji a gaban wanda ka koyar, domin ranar ce Malam ya san cewa shi ma ana iya jingina da shi. Allah ya ba gwiwar nan lafiya, ya bar ka da mu a bakin gada ko da a tsaye ne kana ba da umarni. Ku kuma masu karatu, kusan kowane gida akwai dattijon da aka zaunar saboda so. Ku tambayi likitansa, ku fito da shi, ku shiga gabansa na ɗan lokaci, in ya yi ƙarfi ku ja gefe ku bar shi ya gwada. Asabar ɗin da ta wuce wani tsohon direba ya zo da keken aro, ya yi kilomita biyu ya sauka yana haki. Malam ne ya juyo ya zauna kusa da shi.