Hoton da Ya Riga Ni Isowa Gida

Waɗanda ke tsakar gida asubar da munka tashi su ne ni, da autana Garba mai kai albasa Maraɗi, da matarsa Balki, sai maƙwabciyata Kulu 'yar Tozai, wadda tas shigo aron ashana tat tarar da akwati. Nic ce mata za ni Sakkwato ganin likitan ido. Haka munka shirya a faɗa wa kowa.

Gaskiyar magana, Garba ne yab biya mana yawon shan iska ni da Balki, zuwa wani tsibiri mai suna Zanzibar, don tun da munka baro ƙauyenmu Kurawa jinina bai sauka ba. Amma kun san ƙasarmu yanzu. Mutanen daji suna da kunne a kowace unguwa. Ranar da anka ji ɗanka ya kai ka ƙasar waje hutu, ranar anka yanka maka farashi. Don haka nis sa sharaɗi guda: babu hoto.

Sabon Birni zuwa Sakkwato

Mun isa tasha da duhu, amma direba yac ce ko tayar motarsa ba ta motsawa sai rana ta fito. Ba wanda yay yi gardama. A shingen sojoji na gaban Goronyo wani yaro mai bindiga yal leƙo.

"Mama, ina zuwa?"

"Asibitin ido."

"Da wannan ƙaton akwati?"

"Idon biyu ne, ɗana."

Yay yi dariya yab buɗe mana hanya.

A Sakkwato munka haɗu da Hajiya Zainabu mai shirya tafiyar, da sauran matan ayarin. Tar raba mana mayafi ruwan ɗorawa iri ɗaya, wai don kada mu ɓace, awa tumakin da anka yi wa shaida. Daga nan jirgi zuwa Abuja, wani zuwa Habasha, wani kuma bisa ruwan da ba shi da gaɓa. Ban saki carbi ba sai da ƙafata tat taɓa ƙasa.

Zanzibar

Mai yi mana jagora sunansa Juma, da na'urar hoto rataye ga wuya awa gorar makiyayi. Shi yana Turanci, Zainabu tana juya mana. Tun ranar farko nic ce ta gaya masa ban da ni. Yac ce ya ji.

Hotunan suna hannuna yanzu, Zainabu ta wanke mana su. Na farko bakin teku ne. Ga Balki tana washe baki, ga wani mayafi ba fuska can gefe, ni ke nan. Ku dubi bayanmu. Waɗancan abubuwa jajaye Turawa ne, maza da mata, kwance cikin rana da ɗan tsumman da bai kai hular jariri ba, an yi shanyarsu awa tattasai. Nit tambayi Zainabu ko ciwo gare su. Tac ce a'a, kuɗi sunka biya su kwanta. Nic ce innalillahi, su zo Sabon Birni da bazara mu ba su kyauta.

Na biyu wurin cin abinci ne. Abin da ke cikin farantin nan wata halitta ce mai hannuwa takwas, an gasa ta. Balki ta ci. Har yau in tak kawo mini tuwo sai na dubi hannunta. Ni shinkafa da kwakwa nir riƙa, da shayin da kuɗin kofi ɗaya zai sayi tiyar gero.

Amma abin da yaf fi girgiza ni ba shi cikin hoto. Mata na gani suna dawowa daga gona su kaɗai bayan magariba, suna tafe suna hira, babu mai waiwaye. Babur yab biyo ta bayansu, ko ɗaya ba ta faɗa ciyawa ba. Nit tsaya ina kallo har Balki taj ja ni.

Gonar kayan yaji

Nan anka kai mu mu ga itacen kanumfari, da masoro yana hawa bishiya awa wake. Mutane su biya kuɗi don su kalli gona! Daga ƙarshe anka tara mu da wasu Turawa gindin mangwaro, wata yarinya tana nuna yadda ake dakan yaji. Taɓarya na tafiya gefe, citta na tsalle waje. Na yi haƙuri, na yi haƙuri, sai nij ji ni tsaye. Nit tuɓe mayafi niɗ ɗaure ƙugu, nik karɓe taɓaryar.

Rabona da lugude tun Kurawa. Hannu bai manta ba. Na jefa taɓarya sama, na tafa, na cafe. Turawa sunka kewaye ni suna ihu. Ni kuwa na manta da duniya, na manta da Juma.

Komawa

Muna sauka Abuja Garba yak kira.

"Inna, kun zauna?"

"Faɗi abin da za ka faɗi."

"Hotonku ya iso gari. Yana cikin wayar kowa, har garin Isa."

Ashe Juma ya sa shi inda suke tallar tafiyarsu, wani ɗan garinmu da ke aiki Sakkwato yag gane ni yat turo gida. Zainabu tana ta ba ni haƙuri, wai ai na yi kyau. Nic ce mata, "Ke ɗiyar birni ce. Kyau shi ka kashe mu."

Daga Sakkwato har Sabon Birni ban haɗiye ko ruwa ba. Duk babur ɗin da yaf fito daga daji sai in ce nawa ne. Ina lissafin inda za mu kai yaran Garba kwana.

Mun isa da la'asar. Ban ko tuɓe takalmi ba Kulu taf faɗo gidan, ido jawur, tar riƙe hannuwana tana juya su.

"Haba Tumba! Mi yay yi zafi? Da kin faɗa mini, ko tiya biyu ce ai mu raba. Da tsufanki ki tafi dakau wa Nasara, suna tsaye kanki suna dariya?"

Nid dube ta. Tac ci gaba da cewa duk gari an sani, albasar Garba ta ruɓe, ya karye, har ya tura uwarsa aikatau ƙasar waje. A kasuwa ma ana cewa Allah wadan ɗa irin wanga.

Garba yana bakin ƙofa, fuska ta yi baƙi. "Gwaggo Kulu, wallahi ba haka..."

"Rufe mini baki," nic ce. "Manya na magana."

Da Kulu taf fita yad durƙusa gabana. "Inna, sunana fa. Yaya za ni shiga kasuwa?"

"Da ƙafafunka. Wanda anka zaga yana kwana gida. Wanda anka yaba fa, ina Alhajin bayan masallaci yake kwana yau, in ba hannun mutanen daji ba?"

Yat tashi yaf fita.

Na gode wa Allah da yak kai mu yad dawo da mu. Na gode wa autana, wanda yab biya sau biyu, da aljihunsa da kuma sunansa. Har Juma na yafe masa.

Da gari yaw waye, niɗ ɗauki hotunan teku da na masauki nis sa su ƙasan adaka, ƙarƙashin likkafanina. Na dakan kuwa nib ba Balki ta manna shi a zaure. Sannan nij jawo turmi bakin ƙofa, nit tura wa Kulu saƙo cewa in akwai mai neman dakau a unguwa, a kawo gero, na dawo.