Kifin Teku da Gishirin Raƙuma

An haife ni a Afala, ɗan manomi, kuma ni ne na farko a zuriyarmu da ya kai jami'a. Ilimin halittu na karanta, na dawo Tawa ina aikin kula da kifin tabkuna. Ban taɓa karɓar cin hanci ba, kuma ina alfahari da hakan. Yanzu da na kai shekara hamsin nakan tambayi kaina ko gaskiya ce ta tsare ni a wancan lokaci, ko kuwa babu wanda ya taɓa taya ni ne.

Bayan an shiga mulkin jam'iyyu albashi ya daina zuwa a kan kari, sannan aka karya darajar sefa. Na bi motar albasa zuwa Kwatano neman abin yi. A can na san wani dillalin kifin ado, irin wanda ake sawa a akwatin gilashi don kallo kawai. Ya nuna mini akwati biyu, kifi iri ɗaya, ruwan goro da ratsin fari. Na akwatin farko a hannun mutane aka ƙyanƙyashe shi, aka raine shi wata da watanni, ya saba da abincin gwangwani, kuɗinsa ya ninka na ɗayan sau da yawa. Na biyun daga teku mai nisa aka kamo shi, bayan an watsa masa guba ya suma. Yana da arha, amma hantarsa ta riga ta lalace. Dillalin ya ce mini, "Ido ba ya raba su. Sai an yi makonni."

Da na dawo, na je wurin Abdu, ɗan gwaggona, taubashina. Ya sayar da shanun gadonsa a Bambeye ya buɗe ɗan gidan abinci kusa da masaukin Turawan da ke aikin raya karkara. Na ce masa akwatin kifi zai jawo masa su.

Ya yi dariya ya ce, "Kai bawana, kifin da ba a ci, mi amfaninai? Ko karatun ne ya taɓa ka?"

Na ce, "Ubangidanka ke magana. Kawo kuɗi ka gani."

Ya ba ni kuɗin kifin gida, na sayo na teku, na riƙe abin da ya rage. Na gaya wa kaina aro ne, in albashi ya fito zan mayar. Akwatin kuwa ya yi aiki. Turawa suka riƙa zuwa, wasu 'yan kasuwa suka ce su ma suna so a gidajensu. Abdu ne ke karɓar kuɗinsu da sunansa, yana rantse musu cewa kifin gida ne, domin haka na gaya masa.

Ruwan irin wannan kifi sai da gishiri na musamman da ake sayowa daga waje. Da wanda na kawo ya ƙare, na ga tsadarsa, sai na shiga kasuwar dabbobi na sayi jan gishirin Tigidda da ake ba raƙuma, na jiƙa, na tace da ƙyalle. Na san sarai ba ɗaya ba ne. A kan irin wannan na ci jarrabawa. Abdu ya same ni ina tacewa ya ce, "Gishirin raƙuma za ka ba kifi?" Na amsa masa da dogon Faransanci har ya ƙyale ni.

Kifin suka daina ci, suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Na ɗora laifin a kan zafi da yankewar wuta, na karɓi kuɗin sayo wasu kifin. Daga baya ma na daina tafiya Kwatano, ina karɓa ina cewa kaya na hanya.

Da mutane suka gaji suka kai ƙara, Abdu aka kama, tunda shi ya karɓi kuɗinsu. Na yi shiru, ina kwana a gidana yana kwana a kaso, har bincike ya iso kaina. Kafin a yi shari'a an sayar da gidan abincin an biya mutane. A gaban alƙali Abdu bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Shi ne ya yi karatu a gidanmu. In ban yarda da shi ba, da wa zan yarda?" Aka sake shi, ni aka ɗaure ni, aka kore ni daga aiki.

Da na fito na tafi Bambeye neman gafara. Abdu ya tafi Abijan tun ina ɗaure, bai aiko ba, babu wanda ya san unguwar da yake. Gwaggo ta miƙo mini ruwa ta ce, "Sha, ɗan ƙanena ne kai, ba ni hana ka ruwa. Amma sunan Abdu kada ya fito bakinka a gidan nan." Na sha, na tashi.

Na tuba ga Allah, kuma ina fatan Ya karɓa. Amma malamai sun gaya mini hakkin mutum sai mutumin ya yafe, ni kuwa ban san inda nawa yake ba, ban ma san ko yana raye ba.

Ku matasa, musamman ku da kuka yi karatu kuna zaune babu aiki, ku ji daga wanda ya riga ku. Wahala gaskiya ce, na sha ta, amma wasu sun sha ta tare da ni ba su ci amanar kowa ba. In aka ba ku kuɗin abu mai tsada, ku sayi mai tsadar, ko ku mayar da kuɗin a ranar. Kuma ku sani, baƙo ba ya saurin faɗawa hannun mazambaci, domin yana tambaya yana dubawa. Wanda za ku fara cuta shi ne wanda ba zai taɓa bincikar maganarku ba, kuma yawanci a gidanku yake.