Taku Goman Baffa

Har yau in na buɗe gwangwanin man kaɗe, Baffa nake gani zaune kan kifaffen turmi, yana mulke yatsun ƙafarsa ɗaya bayan ɗaya. Wan mahaifinmu ne. Ya yi yaƙin basasa a sojan ƙasa, ya dawo ƙauyenmu na wajen Miga da ƙafafunsa biyu, amma magana sai an roƙa. Ba ya ba da labarin yaƙi. Doka kawai yake kafawa.

Da damina, in za a tafi gona, za ka ga kowane gida a dunƙule, fartanya a kafaɗa, ana hira ana dariya. Mu kuwa sai a jere, taku goma tsakanin kowa da kowa, shi yana baya yana lura. Ni da ƙwaryar fura a ka, ƙanena can gabana, ko zolayarsa ba ni da damar yi. Mutanen gari suka sa mana suna bataliyar Baffa. Kunya kamar in nutse. In muka kuskura muka haɗu, sai ya ce gurneti ɗaya ya ishe mu. A gonar gero fa, inda duk abokan gabarmu ba su wuce fara da tsuntsu ba!

Wata shekara, gero ya kai ƙugu, kunama ta harbi ƙanena a hanya, ya faɗi yana ihu. Na yar da ƙwarya na ruga. Baffa ya cafke hannuna ya dungurar da ni ƙasa.

"In na gabanki ya faɗi, ki kwanta," in ji shi. "Wanda ya kayar da shi, ke yake jira."

Sai kuma ya farga, ya je ya saɓo yaron. Da la'asar ɗin ranar ya ba mu labarinsa guda ɗaya tak. Abokinsa, wanda suka shiga soja rana ɗaya, aka harba a bakin wani rafi, taku goma daga inda yake. Tun hantsi yake kiran sunan Baffa har rana ta karkata, Baffa na kwance cikin laka yana ji. Mutum biyu da suka tashi ɗauko shi, nan suka zube. "Ni na bi doka, shi ya sa kuke da baffa," ya ce, ya ci gaba da shafa man kaɗensa a ƙafa.

Bayan rasuwar Baffa, damina ta ƙi mu shekara biyu a jere, ƙanena ya shiga soja. Aka tura shi arewa maso gabas. Ya dawo da ransa, muka yi sadaka. Yanzu yana ɗakin zaure a gidana na Yalwawa, ba aure, ba hira. In zai tafi masallaci, sai ya bari mutane sun ba shi tazara. Sau ɗaya na kai masa tuwo ya ce, "Yaya, na yi yadda Baffa ya ce." Ban tambaye shi wa ya faɗi a gabansa ba.

To, ga shi zance ya iso kaina. Ɗana na fari ya gama jami'a a nan Dutse, ya yi yawo da takardunsa har suka koɗe, ya ja adaidaita sahun wani har aka karɓe. Sunansa ya fito a ɗaukar soja, jibi zai tafi. Ya durƙusa a gabana ya ce, "Umma, a yi min nasiha." Na ce masa salla, na ce masa gaskiya.

Dokar Baffa ce ta tsaya min a wuya. In na faɗa masa, zai dawo min kamar kawunsa. In ban faɗa ba, na san yaron da na raina, rugawa zai yi kamar yadda na ruga. Abin da ya fi ci min rai ma, wataƙila shi ne zai faɗi, ya yi ta kira, ɗan wata kuma yana kwance taku goma daga wurinsa, yana bin nasihar tasa uwar.

Na tashi na cika masa gwangwani da man kaɗe, na ce ya riƙa kula da ƙafafunsa.