Jarkar Zamzam da Birkin da Ya Cije a Hanyar Kwangwalam

Kano

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, ni da Gwaggo Hajara, ƙanwar mahaifina, wadda jirginsu na alhazai ya sauka da yammacin jajiberin tafiyar. Gida muka nufa, Kwangwalam. Kujerar da ta tafi da ita ta Baba ce. Shi ya sayar da shanunsa ya biya, ciwo ya kwantar da shi, ya ce a ba ƙanwarsa. Tsaraba ɗaya ya roƙa, ruwan Zamzam, kuma daga hannunta. Ga shi ƙanena Nura sai bugo waya yake, wai jikin ya yi tsanani.

Na ce ta kawo jarkar Zamzam ɗin in sa a but, ta watsa mini harara. A cinya ta ɗora ta, ta rungume kamar jinjiri. Na kuma hango farin yadi a bakin jakarta, ban tambaya ba. Kowa ya san in mara lafiya bai samu ya sha ba, likkafaninsa ake yayyafa wa.

Kazaure

Har Kazaure tsohuwar motata ba ta ce uffan ba. A shingen 'yan sanda suka ga haƙorin Makka yana walƙiya, suka yi wa Hajiya barka da sauka, ta damtsi dabino ta ba su. Bayan mun wuce ne na ji sitiyari yana rinjaya dama. Na taka mai, mota na nishi kamar an ɗaure mata buhun gero a ƙafa. Gwaggo ta ce tana jin ƙauri, na ce ai masu gasa masara ne. Ta ce ita dai ba ta ga mai masara ko ɗaya ba, sai ni da shegen gardama irin ta kakana.

Muna dab da Sandamu hayaƙi ya turnuƙe daga tayar gaba ta dama. Na sauka gefen titi, na kai hannu kusa da ƙarfen tayar, na janye ba shiri. Wani manomi ya yar da fartanya ya sheƙo yana cewa a kawo ruwa kafin wuta ta kama. Ruwan da ke cikin motar kuwa guda ɗaya ne. Sai na kai ido kan jarkar.

"Sabi'u, ɗauke idonka," in ji Gwaggo. "Ta ƙone ƙurmus, na ƙarasa a ƙasa."

Ƙasa muka riƙa watsawa ni da manomin har hayaƙin ya lafa. Na tsai da motocin haya ko Gwaggo za ta yi gaba, duk a cike maƙil, ranar kasuwar Mai'aduwa ce. Babur kuwa ba zai yiwu ba, ƙafafunta sun kumbura tun a jirgi. Haka muka ja jiki muka shiga gari, kamar masu rakiyar amarya.

Sandamu

Bakaniken da muka samu a gindin dalbejiya dattijo ne, ana ce masa Oga Lawal. Ya ɗaga motar da jak, ya juya tayar da hannu, ko motsi. Ya ce kalifa ce ta cije, wato ƙarfen da ke matse birki ya kama ya ƙi saki. Da ya kwance, ya nuna mini sandunan da take zamewa a kai, sun bushe sun yi tsatsa, robar da ke rufe su ta yage.

Hanya biyu ya ba ni. Ko ya toshe layin man birkin wannan tayar mu wuce yanzu da birki uku, ko in jira ta huce ya wanke ta. Daidai nan Nura ya sake kira, ya ce Baba ya daina amsa magana. Na ce Oga, toshe, toshe kawai.

Gwaggo ta leƙo ta taga ta tambayi me ake toshewa. Da aka yi mata bayani ta girgiza kai.

"Gyara shi yadda ya kamata, Malam. Daga Makka na ɗauko ruwan nan, ba zan zubar da shi a kwalta ba."

Wallahi na ji haushinta. Na zauna, na tashi, na zaga motar, na sake zama. An kawo mana ƙosai da koko, na ture su gefe. Oga Lawal kuwa ko a jikinsa. Ya goge sandunan da samfefa har suka yi sheƙi, ya shafa musu giris, ya danna fistin da ke tura birkin ya koma ciki a hankali, ya sauya takalman birkin da suka ƙone. Sannan ya ce in shiga in yi ta taka birki yana fitar da iska. Ina takawa ina duban Gwaggo ta madubi. Carbi take ja, hawaye na gangarowa kan murfin jarkar.

Daura zuwa Kwangwalam

Hantsi ya dubi ludayi muka ratsa Daura, ko waiwayen mai fura ban yi ba. Waya ta yi shiru, shirun kuma ya fi kiran tayar mini da hankali. Kusa da Mai'aduwa wani bijimi ya ƙwace wa mai shi ya faɗo titi. Na taka birki iya ƙarfina, mota ta tsaya cak, ba ta karkace ba. Na jira Gwaggo ta yi mini gori, ba ta yi ba. Gyara rungumar jarkar kawai ta yi. A shingen kwastan suka duba fuskokinmu suka ɗaga mana hannu.

Da muka shawo kwanar gidanmu na ga maza zaune jingim a kan tabarmi a ƙofar zaure. Na ɗauka zaman makoki ne. Sai ga Nura ya fito da gudu yana cewa 'yan taryar Hajiya ne, mu dai yi sauri.

Gwaggo ba ta amsa gaisuwar kowa ba. Da kumburarrun ƙafafun nan ta riga ni shiga ɗakin Baba. Ta durƙusa, ta yi bisimilla, ta ɗiga masa a cokali. Na farko ya gangaro ta gefen baki. Na biyu muka ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya buɗe ido da ƙyar, ya dube ta.

"Hajara, kin daɗe."

"Birki ne, Yaya," in ji ta, tana dariya tana kuka.

Baba ya ƙara kwana biyu tare da mu. Ragowar ruwan shi aka yayyafa wa farin yadin nan, amma ya sha nasa tukuna. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu a kan lokaci, Allah kuma ya saka wa manomin nan da Oga Lawal. Duk sanda na bi ta Sandamu sai na tsaya a gindin dalbejiyar nan na gaishe shi.