Yarinyar da ta koya mini inda gyaɗa ke fitowa

Shekaru da dama baya, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, aka tura ni koyarwa wani ƙauye a ƙasar Mayahi. Fitowata ke nan daga makarantar horon malamai, ina ji da kaina, da farar riga da alƙalami a aljihu. Ni ɗan gari ne, ɗan tela daga Tasawa, ban taɓa riƙe hauya da sunan noma ba. Lakwal kuwa, wato makarantar, rumfar zana ce guda ɗaya, ni ne malami, Mushe a bakin yara, ni ne direkta.

A wurin horo an koya mana cewa aji mai kyau shi ne wanda ya yi tsit, kowa ya harɗe hannu, malami na magana. Akwai kuma sambol, wani muƙamuƙin jaki da aka ɗaura wa igiya. Duk yaron da ya kuskura ya yi Hausa a aji maimakon Faransanci, a wuyansa ake rataya shi. Ni dai na riƙe wannan doka hannu biyu.

Lokacin cirar gyaɗa ne, garin kaf ya koma gona. Ran nan ina darasin tsirrai, na zana gyaɗa a allo, na ce 'ya'yanta daga saiwa suke fitowa. Haka hankalina ya ba ni, tunda a ƙasa ake tono su. Sai wata yarinya 'yar shekara tara da ke zama can baya ta ɗaga hannu, ta ce da Hausa, "Mushe, ba hakanan ba ne. Ni nika cirar ta kullum. Ba ga saiwa take ba."

Yara suka ƙyalƙyale da dariya. Ni kuwa raina ya ɓaci. Maimakon in tambaye ta abin da ta gani, sai na ɗauko ƙashin nan na rataya mata. Ba ta yi kuka ba. Da aka tashi ta ajiye shi a kan teburina ta fita.

Washegari ba ta zo ba. Mahaifinta manomi ne babba wanda ake jin maganarsa a garin. Ya ce in dai lakwal wurin rataya wa ɗiyan mutane ƙashin jaki ne don sun faɗi gaskiya, tashi ɗiya ta gama. Sauran iyaye dama neman dalili suke, ga aiki a gona. Kafin mako biyu ajina ya koma yara goma sha ɗaya. Sai ga takarda daga ansifekta, mai duba makarantu, cewa yana nan tafe kafin ƙarshen zango, in ya tarar ba yara za a ɗauke lakwal a kai wani gari.

Ana cikin haka kurkunu ta kama ni a ƙafa. Ko tsayuwa ba na iyawa. Mahaifiyata ta taso daga Tasawa don ta yi jinyata. Ina kwance na ba ta labari, ina jiran ta tausaya mini. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ta ce, "Kai, duk karatun nan naka ba a gaya maka ba? Yarinya ta hi ka gaskiya. Ni ma ban san ta yadda abin ke yi ba, amma ba ga saiwa take ba. Tashi ka je ka ba su haƙuri."

Na ce, "Inna, malami shi ba ɗaliba haƙuri?"

Ta ce, "To zauna da girmanka a rumfa kai kaɗai."

A kan jaki aka kai ni gidan su yarinyar. Na gaida mahaifin, na ce, "Baba, na yi kuskure. Ban san inda gyaɗa ke fitowa ba."  Daga ƙarshe ya ce yarinyar ta koma, amma shi ma zai riƙa leƙowa.

Da ta dawo, ina zaune a tabarma da ƙafa a miƙe, na gaya wa yaran gaskiya: ban sani ba, kuma littafina bai faɗa ba. Na ce, "Ƙaƙa za mu yi mu gano?" Suka dubi juna, don ba su saba a tambaye su ba. Can sai ita ta ce, "Mu shibka mu gani."

Daga nan abin ya fita hannuna, kuma ba don na shirya ba. Ciwo ne ya zaunar da ni. Su suka zaɓi wuri kusa da rijiya, suka shinge shi da ƙaya saboda awaki. Su suka raba kansu: masu ban ruwa, masu awon tsawo da kara, masu zane a allo. Dattawa suna wucewa suna dariya, wai 'yan lakwal na shukar gyaɗa bayan damina. Yaran da aka janye suka fara laɓewa a bakin shinge, yau biyu, gobe biyar, har suka shigo gaba ɗaya. Ni aikina kawai in ba da kalma in an tambaya. Sukan zo da gudu, "Mushe, mi ake ce ma hure da Faransanci?" Kalmomin da na yi wata ina dukan tebur a kansu ba su zauna ba, yanzu su ke bi na suna nema.

Bayan kwana arba'in da wani abu fure ya fito, ya bushe. Sai wata safiya na ji ihu. Daga jikin reshe, inda furen ya bushe, wani siririn tsinke ya fito, ya sunkuya, yana huda ƙasa. Na rarrafa na je na gani da idona. Wallahi sai da na ji ƙwalla, rabi murna, rabi kunya.

Ansifekta bai aiko da rana ba. Sai ƙarar mota muka ji. Ya shiga rumfa ya tarar ba kowa, ya fito fuska a ɗaure ya biyo hayaniya zuwa rijiya.  Ga yara sun fi talatin a tsugune cikin ƙasa, ba mai harɗe hannu, ga Hausa na tashi ta ko'ina.

Ya ce, "Wa ke ba da darasi a nan?"

Kafin in buɗe baki yarinyar ta miƙe. Ta tone gindin guda a hankali, ta nuna masa tsinken da ɗan kumburin da ya fara a bakinsa, tana bayani da Faransancinta mai ɗingishi, inda ya ƙare ta cike da Hausa. Ya tsuguna da wandonsa mai guga yana kallo. Sai idonsa ya kai kan abin da take tono da shi. Muƙamuƙin jakin nan ne. Tun tuni sun mayar da shi abin haƙa, igiyar kuma sun ɗaure ƙofar shinge da ita.

Ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya ƙirga yaran, ya duba zanensu ɗaya bayan ɗaya. Da zai shiga mota ya ce, "Lakwal tana nan. Amma rumfar nan ta yi musu kaɗan."

Mahaifin yarinyar yana tsaye bakin shinge duk wannan lokaci. Ya matso ya ce, "Mushe, yanzu ka san inda take hitowa?"

Na ce, "Na sani, Baba."

Ya ce, "To, ɗiyata ta karantar da kai. Saura kai ka karantar da ita."

Daga baya na yi shekaru ina horar da sababbin malamai. Ranar farko nakan ajiye gindin gyaɗa a tebur in tambaye su daga ina 'ya'yan ke fitowa. Da yawa sukan ce saiwa, da irin ƙarfin halin da na faɗa. Ba na gyara musu. Nakan ba su iri in ce su je su shuka. Har yau kuma in yaro ya ce mini ba haka ba ne, sai in ja kujera in ce ya nuna mini.