Baba Mai Fenti, Marubucin Shekarun Duwatsu

Kafin a buɗe gidan adana duwatsu, Baba Mai Fenti ya riga ya jiƙa buroshinsa a gwangwani, ya bi akwatunan gilashi yana goge alluna da gefen rigarsa. Tun yana da baƙin gashi aikinsa ke nan: rubuta shekarun kowane dutse a allon da ke gabansa. Da yake sifili ba ya ƙarewa a wannan fanni, masana sun taƙaita. A rubuta lamba, a bi ta da haruffan Ma idan miliyoyin shekaru ne, Ga idan biliyoyi ne. A tsakani kuma akwai 'yar alamar tarawa bisa ta ɗebewa, mai nuna ƙari ko ragin da ake zato.

Matarsa takan tsokane shi: "Malam, kai da ba ka san shekarar haihuwarka ba, kai ne mai faɗin shekarun dutse?"

Yakan ce, "Ai ni ma da ƙari ko ragi nake."

Dariya yake yi, amma akwai abin da ke cin ransa. Duk lokacin da aka sake auna shekarun dutse, da hannunsa yake kankare abin da ya rubuta. Cikin rubutunsa na farko allo ɗaya tak ya rage, na wani baƙin dutse a lungu, kuma shi yake fatan ya bari a bayansa.

Ana gab da ritayarsa, ga hannu ya fara rawa saboda tsufa, sai wata masaniya ta shigo da sabon awon dutsen nan.

"Har wannan ma, 'yata?"

"Har shi, Baba. Ba ka gane ni ba ko? Ina 'yar makaranta aka kawo mu nan, na tambaye ka ma'anar alamar can. Ka ce mini, ma'anarta ba a gama sani ba, ana jiran wani. Shi ne na je na karanto ilimin duwatsu."

Ya duba sabuwar lambar. Ƙari ko ragin da ya rubuta miliyan arba'in a da, ya koma miliyan biyu. Sai ya ɗauki wuƙar kankara ya share allon tas, ya ce mata, "Riƙe mini wuyan hannu, kada alamar ta karkace."

Baba, kai ne ka yarda a goge aikinka don gaskiya ta matso kusa. Ka ji zafin abin, mun sani, amma ba ka taɓa ɓoye 'yar alamar nan don allo ya yi kyau ba. Mu abokan aikinka mun gode, Allah ya ba ka hutu mai albarka.

Mu kuma da muka rage, duk wanda yaro ya tambaye shi abin da ba a sani ba, ya faɗa masa haka kai tsaye. Wataƙila shi ake jira.