Kalmasar ƙarfe

Shekarun baya, lokacin ina tsakiyar aikin karanta labarai da Hausa a rediyo, na haɗa mota da hannuna. Ba tsohuwa na gyara ba. Irin motar nan ce da ake sayarwa a wargaje: a aiko maka da ita daga waje cikin akwatunan katako, ga ƙarafan gindi, ga fallayen alminiyom na jiki, ga kusoshi leda-leda, ga littafin bayani mai kauri. Injin kuwa kai za ka nemo. Kujera biyu gare ta, ba rufi, ba ƙofa, tsallaka gefenta ake yi a shiga. Ba ta da lamba, saboda haka ba ta hawa titi. Ta yawo ce a fili bayan gari.

A tsakar gidanmu da ke unguwar Mansur a Makka muka yi aikin, ni da abokina. Shi haifaffen Makka ne, kakansa ne ya zo ta Sudan, kuma yana da warshar gyaran mota a unguwar Hindawiyya. Hausarsa rabi Larabci ce, ni kuma aikina ya ɓata ni, ba na iya jin kuskure in ƙyale. In ya ce, "Miƙo min miftahi ashara," sai in ce, "Sifana mai lamba goma kake nufi."

"Ya Ustaz," in ji shi, "mota ba ta jin nahawu. Miƙo kawai."

Kusan shekara biyu muka yi, duk Juma'a bayan la'asar da Asabar da safe. Ranar da injin ya tashi, maƙwabta har leƙowa suka yi ta tagogi. Na shiga ciki na kira mahaifiyata ta zo ta gani.

Ta fito da sandarta, ta zagaya motar a hankali. Mahaifiyata tela ce, ta yi shekaru tana ɗinka wa mahajjata kaya kafin idonta ya yi rauni. Tana kuma da ciwon suga. Shekara guda kafin wannan rana, murfin gwangwani ya ɗan yanke ta a ƙafar dama, raunin da bai kai tsawon farce ba, amma sai da ya yi wata huɗu kafin ya rufe. Likita ya gaya mana ba ɓoye-ɓoye cewa wani raunin a ƙafar nan yana iya kaiwa ga yanke ta. Tun daga lokacin, kullum bayan magariba ni nake duba mata ƙafafu, yatsa bayan yatsa.

Da ta gama zagayen ta ce, "Ni zan fara shiga."

Na ce, "Hajiya, wannan ba ta manya ba ce."

"Shekara biyu tana zaune min a tsakar gida, na rasa wurin shanya. Ni zan fara shiga. Amma ba yau ba, don ba ka gama ta ba."

Na ce na gama, har na ɗauko littafin na nuna mata shafin ƙarshe. Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Na san motar nan tun kafin ta yi kama da mota," in ji ta. "Sau uku ina ɗinke maka jallabiya a wuri ɗaya, nan ƙasan gwiwa. Tana cizo."

Ta aika aka ɗauko mata wani tsohon harami. Gidanmu ba ya rabuwa da su, domin duk shekara 'yan uwa daga Kano suna sauka wurinmu lokacin aikin Hajji, su tafi su bar nasu. Irin mai tawul ɗin nan ne, wanda zarensa yake a lanƙwashe ƙanana-ƙanana. Ta miƙa wa abokina ta ce, "Ya waladi, ja min shi a kan gefen nan da ake tsallakawa. A hankali."

Bai yi taki ɗaya ba haramin ya maƙale. Ya fizge, zare ya biyo. Ya ja ta ƙarƙashin sitiyari, ya maƙale. Gefen kujera, wurin ajiye ƙafa, bakin fallen da ya raba mu da inji, ko'ina sai ya kama. Na ƙirga wuri goma sha bakwai. Duk inda muka yanka alminiyom da almakashin ƙarfe, mun bar shi da baki kamar reza, mu kuma da yake da safar hannu da takalmin aiki muke shiga, ba mu taɓa damuwa ba. Na dubi wannan gefen, na dubi ƙafar mahaifiyata cikin silifa.

Dabarata ta farko ta masu gaggawa ce. Na bi bakunan da magagari da samfefa, sannan na liƙa musu baƙin salatif mai kauri, layi biyu-biyu. Ya yi kyau a ido. Sai dai a tsakiyar zafi muke, kuma wanda ya san ranar Makka ya san abin da take yi wa gam. Cikin mako guda salatif ɗin ya saki, ya zame, ya koma wani baƙin abu mai danƙo. Abokina ya zo daga masallaci da farar jallabiyarsa, ya tsallaka ya zauna don ya gwada birki. Da ya fito, baƙaƙen layuka biyu ne kwance a bayansa.

"Mabruk, ya Ustaz," in ji shi. "Da tana cizo, yanzu ta koyi rubutu."

Mahaifiyata tana zaune a inuwa tana kallonmu. Ta ce, "Wa ya gaya muku liƙi ake yi wa baki? Kalmasa ake yi masa."

Ni da nake zama da ƙamus ina neman yadda za a faɗi sunayen na'urori da Hausa, na yi makonni ina kiran abin nan "rufe gefen ƙarfe mai kaifi", kalma biyar, alhali akwai guda ɗaya da nake ji a ɗakin ɗinkinta tun ina yaro. Ta kama bakin mayafinta ta nuna mana. Ba a barin yadi da ɗanyen baki. In mai laushi ne, a ninka shi ciki ya ɓoye kansa. In mai kauri ne ba ya ninkuwa, a kawo wani ƙyalle a yi masa baki, a ɗinke. Gam ba ya cikin maganar.

Haka muka bi. Fallayen da ba su da kauri muka kwance su ɗaya bayan ɗaya, muka ja layi, muka lanƙwasa bakin ciki da filaya, muka kwantar da shi da gudumar katako don kada ya tsage. Biyu sun tsage duk da haka, muka sake yanka sababbi. Masu kaurin kuwa, irin gefen da ake tsallakawa, muka tsaga siririn tiyon roba a tsaye muka cusa bakin ƙarfen ciki. Tiyo kaɗai zai iya zamewa, don haka na je unguwar Jarwal wurin wani dattijo baduku da ke sayar wa mahajjata jaka da layu na ado, na sayo jar fatar akuya ta Sakkwato. Muka huda ƙananan ramuka a jere a jikin ƙarfen, tazarar yatsa ɗaya, muka goge kowane rami, muka naɗe tiyon da fata.

Ɗinkin farko ita ta yi. Aka sa mata kujera a gefen motar, ta karɓi basilla da zare mai kakin zuma, ta yi ɗinki guda da lalube, ba ta ko sunkuyawa. Sannan ta miƙo min.

"Ci gaba. Kowane ɗinki ya yi tsawon ɗan'uwansa."

Ni da nake karanta sunayen shugabannin duniya ba tuntuɓe, na soke yatsana sau shida a ranar farko. Washegari ta shafa aikina da tafin hannu, ta ce in warware rabi. Na warware. Mako bakwai aikin ya ci.

Ranar gwaji na ɗauko haramin da kaina. Abokina ya ja shi a gefe, ya wuce sumul. Ƙarƙashin sitiyari, gefen kujera, wurin ƙafa. A wuri na goma sha biyar ya ɗan kama, kan wata kusa ce da ta leƙo. Na canja ta da mai zagayayyen kai, aka sake ja. Haramin ya fito ba zare ko ɗaya a waje.

Sai da sanyi ya shigo muka ɗora motar a kan babbar motar ɗaukar kaya, muka fita bayan gari ta hanyar Jidda da sassafe, inda akwai fili shimfiɗaɗɗe. Na ajiye mata ɗan akwati ta taka. Na riga na sayo mata takalmi rufaffe mai kauri musamman don wannan rana, kuma ta sa shi tun daga gida ba gardama. Amma da ta zo bakin motar sai ta dafa kafaɗata, ta tuɓe shi, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ta jera a kan yashi.

Na ce, "Hajiya, takalmin fa?"

"Ɗakin da aka gyara ba a shiga da takalmi."

Ta ɗaga ƙafar dama, wadda ta yi wata huɗu a naɗe, ta ɗora ta a kan jar fatar nan, daidai wurin da ya yaga min jallabiya sau uku. Ta ɗan tsaya a haka, sannan ta tsallaka ta zauna. Na ɗaura mata bel, na tayar, na fara tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai.

"Kai," in ji ta, "shekara biyu ka yi kana haɗa amalanke? Taka ta mana."

Na taka. Mayafinta yana kaɗawa, tana dariya, abokina yana can baya yana ɗaga mana takalmanta sama. Da magariba na duba ƙafafun kamar kullum, yatsa bayan yatsa. Babu ko ƙwarzane.

Har yau in na sa hoton motar a intanet, tambayar da kuke yi min ita ce wane inji ne a ciki, kuma gudun nawa take yi. Ina amsawa. Amma injin saye na yi, jikin kuma wani ne ya zana shi a wata ƙasa, na bi littafi. Abin da yake nawa a motar nan, wanda babu shi a kowane shafi, shi ne bakuna goma sha bakwai da ba sa fitowa a hoto. Da su nake alfahari. Haramin yana nan a ninke bayan kujera, kuma duk ƙarfen da na ƙara wa motar sai ya bi ta kansa kafin kowa ya shiga. Mahaifiyata kuwa, in baƙi suka zo daga Kano, takan nuna musu motar ta taga ta ce, "Ɗana ne ya haɗa. Ni na gama ta."